Sallar Bashir ta Ƙarƙashin Ƙasa

'Yan uwa, ku dawo min da yabon da na yi wa ɗana Bashir!

Kullum na kira shi sai ya ce, "Mum, ina cikin sela." Ni "salla" nake ji. Duk unguwarmu ta Lozells na baza cewa ya zama ustazu, har mabiya gare shi a intanet.

Yau na je gidansa a unguwar Fallowfield ba sanarwa. Ashe sela da Turanci ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne! Kwalaben giya jere, duk ƙura, yana ɗaukarsu hoto.

Na ce, "Bashir, sallar ke nan?"

Ya ce, "Mum, ajiye ta nake ta tsufa, in rubuta a shafina."

Na zauna a matakala. Na ce, "To rubuta, ɗana, uwarka ta riga giyar tsufa."