Barumen Bakin Titin Nuzla

Malam Rabi'u ya koyar da tarihi shekara goma sha ɗaya a wata sakandare a Gusau, sannan ya zo umra ya manta hanyar filin jirgi. Shekara shida ke nan yana dakon siminti a Jidda, ba iƙama, wato katin izinin zama, ba kafili mai tsaya masa. Kowace safiya yakan tsaya a bakin titin Nuzla tare da sauran leburori, suna jiran mai neman ma'aikata. Motar 'yan sintiri ma ta nan take bi.

Da yake ba aji, sai ya mai da leburorin ɗalibai.

"Dakarun Rum," in ji shi, "shekaru ake yi ana koya musu tsayuwa a sahu, garkuwa na gogar garkuwa. Bayan Rum ta faɗi kuwa, sau da yawa manomi ake ɗaukowa daga gona a miƙa masa mashi. Da ya hango dawakai sai ya juya, kuma a gudun ake kashe yawancinsu."

"To Malam, kai wane iri ne?" in ji Salihu, Bahaushen Sudan mai iƙama.

"Na karanta duka biyun."

A ransa ya san amsar. Ko jiniyar motar asibiti ya ji, sai ya fara neman lungun ɓuya.

Wata Talata motar 'yan sintirin ta shawo kwana a hankali. Marasa takarda suka watse cikin lunguna, takalma na zubewa. Malam Rabi'u ya umarci ƙafafunsa su bi su, suka ƙi. Ya ga kansa a jirgin komawa gida, ya ga 'yarsa Hafsa, wadda buhunan simintin nan ke riƙe da karatunta.

Salihu da wasu uku masu iƙama suka matso gabansa, kafaɗa da kafaɗa, kowa da katinsa a hannu.

"Kada ka motsa, Malam. Halas, shi ke nan."

Jami'in ya leƙo ta taga, ya dubi katuna huɗu, ya dubi masu gudu, ya bi masu gudu. Mutum biyar aka kama.

Tun ranar ake kiransa Barume, yana kuma amsawa. Bai gaya wa kowa cewa ƙafafunsa ne suka mutu ba. Kullum dai yakan zo da wuri ya tsaya a bayan Salihu, kuma duk ranar da Salihu ya kwana da zazzaɓi, Rum ba ta fita yaƙi.