Ramar Baba

Mahaifina ba ya barin bakin gonarsa ta ƙauyen Lahodu ba rama. Gero a tsakiya, rama ta zagaye shi kamar shinge. Ba ta son taki mai yawa, ba ta son feshi, kuma in ta yi tsawo ciyawa ba ta samun rana a ƙarƙashinta. Ganyen mu yi kwaɗo da ƙuli. Karan kuwa Baba ya jiƙa shi a tafki kwanaki, ya ɓare zaren, ya zauna tufka. Igiyarsa in ta tsufa sai a jefa ta a gona, damina ɗaya ta koma ƙasa.

Ina koyarwa a Wurno lokacin da igiyar leda ta cika kasuwa. Wata ranar kasuwa na tarar da shi zaune gaban igiyoyinsa tun hantsi, babu wanda ya taya. Wani mai albasa, wanda ya daɗe yana saya a wurinsa, ya tsaya suka gaisa.

"Baba, taka ta fi kyau," in ji shi, "amma waccan ruwa ba ya cin ta."

"Ƙasa ma ba ta cin ta," Baba ya ce.

Mutumin ya yi dariya ya wuce rumfar gaba.

Da rani a shekarar nan saniyarmu ta daina cin abinci, ta rame, sai yanka ta aka yi. Mahauci ya ciro dunƙulen leda da guntayen shuɗiyar igiya daga tumbinta, ya ɗaga mana mu gani. Na zaci wannan zai ishi kowa hujja. Mutane suka yi salati, suka watse.

Da ƙarfin Baba ya ƙare, yayana ya karɓi gonar. Na roƙe shi ya bar ko layi biyu na rama.

"In shuka ta, in yi mi da ita?" ya ce. "Ke za ki tahi tabki jiƙo?"

Ba ni da gona, ba ni da lokacin.

Da hutu ya zo na ce Baba ya koya mini tufka. Hannunsa ba ƙarfi, nawa kuma bai saba ba. Muka yi kwana uku, abin da na murza duk ya warware. Ya karɓa ya duba, ya ajiye a gefen tabarma, ya tambaye ni yaushe za a koma makaranta.