Tallar Gadar Da Ba Ta Kai Tsallake Ba

An ari bakina an yaudari mutanen da suka yarda da ni, kuma da ƙafata na je. Tun ina saurayi nake tuƙa kwale-kwale a wani mashigi na Gulbin Zamfara, tsakanin ƙauyukanmu na Bukkuyum da hanyar Gummi. Boko a aji huɗu na tsaya, amma ruwa na san shi. A wurinmu, da damina ba mai ɗaukar hanya sai ya aiko an tambaye ni ko ruwa zai ƙetaru. In na ce a zo, a zo. In na ce a zagaya, a zagaya, ko da za a yini a hanya.

Bara da rani masu ɗaukar talla suka zo saboda gadar da ake ginawa kusa da mashigin. Shugabansu, wani mai baƙin tabarau da suke kira darakta, ya tambayi wa aka fi jin maganarsa a kan ruwa, aka nuna ni. Gadar rabi ce, ta taso daga gefenmu ta tsaya tsakiyar gulbi, rodi a waje. Suka sa mini sabuwar riga, suka tsayar da ni inda aka gama, mai kyamara ya durƙusa ta yadda ƙarshen ba zai fito ba. Babur guda suka sa yana hawa yana juyowa, ana canza masa fasinja. Darakta ya ce in jefar da filafilina in ce gada ta samu, kowa ya zo. Na ce ai ba a gama ba. Ya yi dariya ya ce kafin a saki tallar an gama. Na faɗa, har da murmushi, don na ji daɗin za a gan ni a talabijin. Da na koma gida Inna ta dubi rigar ta tambaye ni me na sayar musu. Na ce ba komai.

Ruwan sama na sauka ma'aikata suka kwashe kayansu, talla kuma ta fito, ta shiga wayoyi. Aka daina aikowa a tambaye ni. Duk ƙarar mota sai in fito in duba ko gada suka zo hawa. Na bi masallatai da kasuwanni ina ƙaryata kaina, amma waya ta fi ni sauri.

Wata rana da hantsi mota ta iso daga wajen Adabka da mace mai naƙuda, haihuwa ta gagara. Direban ya ga tallar, ya bar hanyar zagaye. Mijin ya dubi rabin gadar, ya dube ni, ya ce, "Ba kai kac ce mu zo ba? To ga mu." Gulbi ya cika yana jan itatuwa, irin ruwan da ni da kaina nake hanawa, komawa kuma ta yi nisa. Na sa ta a jirgi. Wajen ginshiƙan gadar ruwa ya juya mu sau biyu, matar na salati, mijin na kwarfar ruwa da hularsa. Mun kai. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ba wanda ya ce laifina ne. Wataƙila ko da gada haka Allah zai yi, amma ni na san wa ya kira su.

Wanda duk mutane suka yarda da shi, kada ya faɗa gaban kyamara abin da idonsa bai gani ba. Masu talla za su naɗe kayansu su tafi, kai za ka zauna da waɗanda suka ji ka.

Bana daraktan ya dawo ɗaukar wata tallar, gada tana nan yadda take. Ya hango ni ya buɗe hannu yana kirana tauraronsu. Na shiga rumfa na ɗauko rigar na miƙa masa.

Na ce, "Amshi rigarka. In kana son in sake magana, hau gadag ga da motarka ina kallo. Ka kai tsallake, in faɗi duk abin da kake so."