Lomar Babaji Mai Lodi

Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Potiskum ya san Babaji mai lodi. Tun yana saurayi yake tura bijimai cikin tirelolin da ke tafiya kudu, har furfura ta fito masa bai daina ba. Ga baki, ga son mutane. A layinsu na Dogo Tebo, bayan magariba kowane magidanci kan fito da kwanon gidansa a haɗu a tabarma ɗaya a ci, kuma ba a buɗe kwano sai Babaji ya zauna.

Wata Laraba wani bijimi ya yi tutsu a bakin tirela, ya watso shi ƙasa. Da hannun dama ya tare. Gwiwar hannun ta goce, ƙashi ya fashe, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka mutu, ko an mintsine su ba ya ji. Abokan aiki suka ce a kai shi wurin maɗori a Nangere, matarsa Hadijatu ta ce atafau sai asibiti. Likita ya duba hoto ya ce filasta ba za ta riƙe wannan ba, karayar ta shiga cikin gaɓa, ga jijiya ta bugu, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Aka yi, aka dace. Likitan ya kuma ja masa kunne ya riƙa zuwa gashin ƙashi, ya riƙa lanƙwasa hannun ko da yana ciwo.

To, nan fa Babaji ya yi wayo irin nasa. Wai shi da ya ga karayar dabba ba adadi za a ce wa ya motsa ƙashi? Ya rataye hannu a wuya yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Ƙashi ya haɗe, yatsu suka fara dawowa, gwiwa kuwa ta ƙage. Ranar da ya yanko tuwo, hannu ya taho ya tsaya a ƙirji, ya ƙi isa baki.

Lodi bai dame shi ba, da baki ma zai iya sa a yi. Tabarmar nan ce ta tsaya masa a rai. Dattijo kamarsa ya sa hagu a kwanon jama'a? Ina! Cokali a tuwo kuwa, ai amininsa Almustapha tela ba zai bar shi ya sha ruwa ba don tsiya. Sai ya aika wai likita ya hana shi cin dare. Kwanon gidansa na fita, shi yana ɗaki yana ci da hagu, yana jiyo dariyarsu ta katanga. Abin ya yi masa ciwo fiye da karayar.

Hadijatu ta gaji. "Malam, ƙaryar nan ba ta yi maka kyau ba. Ko ka koma gashi, ko in gaya wa matar Almustapha gaskiya."

Ya koma. Masu gashin ƙashi suka ce ya makara, amma da sauran dama. Suka yi ta danna hannun yana ihu kamar ba shi ke kayar da bijimi ba. A gida ma bai huta ba. Daga ƙirji hannu ya kai wuya, daga wuya ya taɓa gemu, daga nan ya tsaya cak. Suka ce iyakarsa ke nan, sai dai a sake wani aikin.

"Gemu?" in ji Babaji. "Ai an shigo unguwar baki."

Ran nan da kansa ya fita da kwano. Aka yi ta sannu, aka matsa masa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma ya dangwalo miyar kuka. Hannu ya taho ya tsaya a gemu. Kowa ya zuba masa ido. Babaji ya sunkuyar da kai ya tarbi lomarsa, ya haɗiye, ya sake miƙa hannu.

Almustapha ya janye kwanon nama daga gaban Babaji.

"Jama'a, ku yi sauri," ya ce. "Mun huta wata da watanni, ga mai cinye mana nama ya dawo."