Mai Gadin Kwat

Aikina na gwamnati, in za a faɗi gaskiya, gadin kwat ne. A takarda masinja suka rubuta, a wani ofis nan Kafanchan, amma ban tuna wani saƙon kirki da na taɓa kaiwa ba. Da safe in buɗe ɗakin oga, in rataye kwat ɗinsa a bayan kujera, in ajiye tabarau a tebur, in kunna fanka, in zuba shayi rabin kofi. Duk wanda ya leƙa sai ya ga alamar mutum. Ni kuma daga benci in ce, "Oga ya ɗan zaga." Zagawar nan kuwa har gonarsa ta citta a wajen Kagarko take kaiwa. Mutum da digiri har biyu, amma kwat ɗinsa ya fi shi zuwa aiki. Ni da na tsere daga firamare kuma, an ba ni aikin da ya yi daidai da ƙwaƙwalwata.

A kan bencin nan na yi furfura. Ranar Lahadi in sa farar riga in shiga coci ana cewa ga ma'aikacin gwamnati. Abin da raina yake so kuwa kiwon alade ne. Ku yi dariya, an riga ku. Ina da uwa guda a bayan gida, baƙa mai farin goshi. A haihuwarta ta farko ta kwanta a kan 'ya'yanta ta kashe su tas, don ba wanda ya zauna kusa ya janye su. Ranar ina ofis ina ba kwat iska.

Da ta tashi haihuwa ta biyu, sai ga matata a kan okada, ɗankwali a hannu.

"Baban yara, tashi! Aladiyarka ta fara. Ni ba zan shiga wurin ba, jiya ta kusa cire mini yatsa."

Madam akawu, wadda ainihin aikinta sayar da atamfa daga cikin durowa, ta ɗago kai.

"Baba, ina zuwa? In baƙi sun zo daga Kaduna, wa zai ce oga ya zaga?"

"Madam, ai ke ma Allah ya ba ki baki."

"Matsayina ya wuce nan. In ka fita, ka fita ke nan fa. Za ka zubar da aikin gwamnati saboda alade?"

A gefena akwai wani tsohon ticha daga Fadan Kaje, da ya yi ta zarya yana neman oga ya sa masa hannu a takardar ritaya. Na dafa shi.

"Ticha, nemi mota ka koma gida tun da rana. Ba kowa a ciki. Kwat ne, ni na rataye."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar.

"To shayin fa?"

"Ni na sha rabi."

Na ɗora wa Madam makulli a kan atamfa, muka hau okada mu uku da mai tuƙi.

Na tarar ta haifi na fari, ta kuma riga ta danne shi. Na shiga da kakina na aiki na zauna cikin taɓo, na tokare bayanta da gwiwa. Duk wanda ya faɗo in goge shi da buhu, in share masa hanci, in kai shi ga nono. Ta yunƙura za ta juya, in kwashe su in rungume. Ta cije ni a cinya, ni ma na zage ta da yarenmu. Kafin la'asar sauran duk suna tsotso, suna ihu kamar mawaƙan coci da ba su yi gwaji ba.

Matata tana tsaye a bayan shinge, ta toshe hanci.

"Ofis fa gobe?"

"Wa zai zauna da su? Sai sun yi ƙwari. Su yi ƙwari ma ba na komawa."

"Yesu! To a zumuntar mata ta coci me zan ce mijina yana yi?"

"Ki ce ungozoma ne. Miƙo mini wancan buhun."