Hoton da Baba Ya Tafi Ɗaukowa

Shekarun baya, a lokacin da mutanen ƙauye suke ta kwararowa Maiduguri gudun rikici, da tabarmi da tukwane a ka, ina aiki da wata 'yar ƙungiya mai dashen itatuwa don tare hamada. Mu huɗu ne kacal, a ɗaki biyu a unguwar Fezzan. Ni ce mai riƙe da kuɗin tallafi da rubuta rahoto, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Takardata ba ta taɓa dawowa da gyara ba. Rasit ko na allura ne sai na liƙa shi a fayil.

Masu ba mu tallafin suna ƙasar waje, kuma kashi biyu suke turo kuɗin. Sharaɗin kashi na biyu shi ne mu aika musu hotunan gandun da muka dasa, su ga itatuwan da suka rayu. Gandun kuwa yana wani ƙauye arewa da gari, dakwara ce da dogon yaro, wani dattijo Babarbare yake kula da shi. Baba muke ce masa. Shekara biyu yana yi musu ban ruwa da jaki da jarkoki. Da aka tashi ƙauyensu, ya shigo gari da matarsa, suka raɓe a ɗaki ɗaya a gidan ɗan'uwansa a unguwar Lamisula.

Wa'adin rahoto ya matso, babu hoto ko ɗaya. Abokin aikina ya ce, "Hajiya, ga dogon yaro nan birjik a gari. Mu je bayan wata makaranta mu ɗauka mana, wa zai gane?" Na yi masa tatas. Na ce kada ya sake kawo mini irin wannan magana. Na fita ina huci, ina jin kaina wata waliyyiya.

Akwai wata hanyar, kuma na san ta sarai: in rubuta musu cewa wurin ba ya shiguwa. Tsoro ne ya hana ni. Gani nake da zarar sun ji haka za su rufe aikin, albashinmu ya tsaya, har da na Baba. Sannan, Allah Ya yafe mini, ba na so a ce yau rahotona ya je da giɓi.

Ranar da na kai wa Baba kuɗinsa na wata, na zauna a tabarma na yi ta ƙorafi. "Wallahi Baba, mutanen nan sun matsa mana lamba. Hoto kawai suke so fa. Da dai akwai mai leƙawa..."

Can ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci, "'Yata, yaushe suke so?"

"Ƙarshen wata. Amma ban ce ka je ba fa, Baba."

Da bakina na faɗi haka, alhali hannuna yana cikin jaka yana laluben wayar ofis. Na nuna masa inda ake dannawa. Har gwaji muka yi, ya ɗauki hoton butarsa a karkace, muka yi dariya. Matarsa tana bakin ƙofa tana tsintar wake, ita ba ta yi dariya ba.

Bayan kwana biyu ya bi motar wasu fatake daga Kasuwar Shanu, wadda za ta sauke shi a rabin hanya. Ya ce kwana uku zai yi.

Uku suka wuce, biyar suka wuce. Waya ba ta shiga, dama can wajen babu layi. Matarsa ta fara zuwa ofis kullum da safe. Za ta gaishe mu da Barbarci, "Wushe," ta zauna a benci kusa da ƙofa, ta ja carbi har azahar, ta tashi ta tafi. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A gida abinci ya ƙi shiga, har mahaifiyata ta titsiye ni na faɗa mata. Ta ce, "Ashe ke kika aike shi." Na ce ni ban aike shi ba, har na ce masa kada ya je. Ta dube ni sama da ƙasa. "Mutumin da yake karɓar abincinsa daga hannunki, kika ɗora masa waya a tafin hannu? Ke wa kike yi wa wayo, ni ko Allah?"

Rana ta takwas na zauna na rubuta wa masu tallafin gaskiya, ban rage komai ba. Washegari amsa ta zo, gajeriya. Suka ce kada mu kuskura mu aiki kowa, ba sa bukatar wani hoto. Dama suna ta mamakin shirunmu, alhali suna jin abin da ke faruwa a yankin. Mu mayar da aikin cikin gari mu ci gaba da renon dashe, kuɗi na nan tafe.

Sau biyu na karanta, na kifa kai a tebur na fashe da kuka. Matar Baba ta miƙe a firgice, ta zaci labarin mutuwa ne ya zo. Dole abokin aikina ya yi mata bayani da Barbarci. Ta saurare shi har ya gama, ta koma ta zauna a bencinta.

Rana ta goma sha biyu aka aiko cewa ya dawo. A ƙasa ya tako, ta cikin daji. Na same shi kwance ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, ta dama ta tsage tana ruwa. Ban gama sallama ba ya fara ba ni haƙuri.

"'Yata, wayar babu. Na ɗauki hoton, da yawa ma. Amma a hanya aka ce mini duk wanda aka kama da waya mai hoton daji, ko soja ne ko 'yan bindiga suka kama shi, ba ya dawowa. Sai na jefa ta a rijiya. A riƙa cirewa a kuɗina kaɗan-kaɗan."

Ya yunƙura ya kwance ƙullin gefen rigarsa, ya zube tsakuwoyi a tabarma. "Kowace ɗaya, itace goma ne da suka rayu. Dakwara ta yi ƙoƙari. Dogon yaro kam awaki sun ci da yawa. Ko za su karɓi wannan?"

Na buɗe baki ke nan, matarsa ta ce in zo in kama mata wani abu a waje. Muna fita ta riƙe hannuna gam, ta yi ƙasa da murya, tana harhaɗa 'yar Hausarta. "Kada ki gaya masa tafiyar banza ya yi. Ciwon ƙafar ya ishe shi. Ki ce sun karɓa."

Na koma na durƙusa na ƙirga tsakuwoyin a gabansa, na rubuta adadin, na kuma sa shi a rahoto. Bayan mako guda na je na ce masa sun karɓa, sun gode. Ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi.

Har yau aikin tallafi nake yi. Duk yarinyar da aka kawo mini in koya mata, kafin mu taɓa fayil nake gaya mata: in abu ya lalace, ranar za ki rubuta, kada ki jira ki gyara fuskarki. Kuma in kina gaban wanda yake ci daga hannunki, ki kama bakinki, domin abin da kike kira fira shi umarni yake ji. Ni ban koyi wannan a araha ba, kuma ba ni ce na biya ba. Abin yana cina har yanzu.

Ƙafar Baba ba ta koma daidai ba. Da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, yana zaune a sabon wurin renonmu na cikin gari yana cika leda da ƙasa. Har ya rasu, duk baƙon da ya zo ganin dashe sai ya janye wandonsa ya nuna masa tabon ƙafar, ya ce, "Ka gan ta? Ita ta kawo kuɗin nan." Sai ya waiwayo ya nemi shaidata.

Ni kuma in ce, "Haka ne, Baba."