Harsashin Yumɓu Mai Fito

A kakar shekarar da jiharmu ta koma Jihar Sakkwato, tsuntsayen jan baki suka sauko wa gonar dawarmu a bayan Kebbe kamar hayaƙi. Babanmu ya tafi aikin kwalta a Tambuwal, don lokacin kuɗin mai sun kwashe maza daga gona. Dawar nan ita ce cinmu na shekara, kuma babu mai gadinta sai ni da Isa, ɗan maƙwabtanmu. Shi ke harbi da majajjawa daga kan rumfa, ni ke yi masa harsashi.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba! In ɗebo yumɓu a bakin tafki, in cuɗa, in mulmula a tafin hannu. A nan na gane wanda ya mulmulu sosai shi ke tafiya sak ya yi nisa, mai gefe kuwa karkacewa yake yi. Wanda na shanya a rana tsagewa yake, ya watse kafin ya kai. Sai na koma shanyawa a inuwa, in Inna ta sauke tuwo in binne su a garwashi.

Duk da haka tsuntsayen suka raina mu. A jefi ɗaya, dubu na ci. Rannan garin sauri na mulmula wasu da tsinken kara a ciki, wuta ta cinye tsinken, ta bar rami. Isa ya duba ya ce, "Ke Ige, mi a wanga? Gara ta ci miki tuwo?" Ya jefa don ya ba ni haushi.

Wayyo, sai abin ya tafi yana fito kamar shaho ya kawo sura! Gonar duka ta tashi sama. Muka yi ta tsalle muna ihu har rumfa ta karye da mu. "Ƙara min masu ramin nan!" in ji Isa, ƙafarsa a sama. Shekarar rumbunmu ya cika har wuya.

Isan nan shi na aura, shi na binne bara, ina faɗa hawaye na zubo min. Gonar tana nan, amma ba mai zuwa, don harsashin da ake ji a dajin yanzu ba na yumɓu ba ne. Namu tsuntsu kaɗai yake kora.